Na iya fara labari, ƙarasawa ce ta gagare ni: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce daga Daura, tun ina sakandare nake rubuta labarai, amma ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. In na fara kamar zan cinye takarda, da na kai babi na biyar ko na shida sai in ji labarin ya fita raina, wani sabo ya faɗo mini in koma kansa. Wanda ya fi damuna shi ne na wata marainiya da ta samu gurbin karatun jinya a Katsina, alhali kawunta da ke riƙonta ya riga ya yi wa ɗan amininsa alkawarin aurenta. Na kawo ta makaranta, daga nan na rasa yadda zan yi da ita. Ina tura labarin a wani gurup na WhatsApp, har wasu sun biya kuɗin ci gaba, yanzu kullum sai an tambaye ni. Shin baiwar ce ba ni da ita, ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, amin, tare da ke.

Zancen baiwa mu ajiye shi gefe. Wanda ba shi da ita ba ya rubuta babi shida har mutane su zaro kuɗinsu don su ji na bakwai. Abin da ya same ki tsohon ciwo ne a wannan sana'a, kuma rubuce-rubucen matasa da ake kawo mini in duba a nan Katsina, mafi yawansu haka suke zuwa: rabi, mai shi ya ce sauran na nan tafe, shiru kake ji. Fara labari aiki ne daban, ƙarasa shi aiki ne daban. Na farkon kin yi shi sau da yawa har hannunki ya faɗa, na biyun ko sau ɗaya ba ki taɓa yi ba, to ta ina za ki iya shi? Sannan abin da ke kashe labari a tsakiya, galibi tun a shafin farko ake shuka shi, wato marubuci ya ɗauki alƙalami bai san inda zai tsaya ba.

Ke 'yar Daura ce, ba sai na kai ki nesa ba. Ɗauki labarin rijiyar Kusugu yadda kakanni ke ba da shi. Gari na fama da ƙishi, maciji mai suna Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, ta gaya masa dalili. Daga wannan gaɓar duk yaron da ke zaune yana sauraro ya san abin da yake jira: za a kashe macijin nan ko ba za a kashe ba, in an kashe kuma me zai biyo baya? Baƙo ya je rijiya, ya sare kan maciji ya tafi da shi. Gari ya waye, sarauniya ta ce wanda ya yi aikin za a ba shi rabin gari, masu ƙarya suka yi ta fitowa, aka ce a kawo kai, ba mai shi sai baƙo. Ya ce rabin gari ba ya so, aurenta yake so. Shi ke nan. Ba ki taɓa jin wata tsohuwa ta tsaya a tsakiyar wannan labari ta ce ta rasa abin faɗa ba, don matsalar da aka buɗe da ita, ita ce ta nuna inda ƙarshe yake. Ki kuma lura, zancen haihuwar Bawo da 'ya'yansa da suka kafa garuruwa a 'yan kalmomi ake taƙaita shi, saboda tambayar da ta riƙe mai sauraro an riga an amsa ta.

Yanzu mu dawo kan marainiyarki. Wace tambaya ce ta riƙe masu karatunki tun babin farko? Daga abin da kika faɗa, ita ce: yarinyar nan za ta tafi karatu, ko za a ɗaura mata aure? To ke da kanki kika amsa musu ita ranar da kika sa ta a mota kika kawo ta Katsina. Labarin bai fita ranki ba, ƙarewa ya yi ba ki sani ba. Abin da kika ji kamar gajiya, hankalinki ne ke gaya miki babu sauran abin jira.

Hanya biyu ce a gabanki. Ko dai ki yarda cewa labarin na tafiyar ne, ɗan gajere, ki koma ki sa tafiyar ta yi wuyar samuwa fiye da yadda kika yi, ki rufe a tashar mota. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma zai zama labarinki na farko da ya kai ƙarshe. Ko kuma ki mayar da zuwanta makaranta ya zama jinkiri kawai, matsalar ta biyo ta har ɗakin kwanan ɗalibai. Misali, kawu bai yarda ta tafi ba sai da sharaɗin za a ɗaura aure a hutun farko bayan babbar sallah, kuma kuɗin makarantar ma uban yaron ne ke biya. Kin ga yanzu komai ya canza. Ga ta tsaye gaban mai POS a Ƙofar Ƙaura, saƙon shigowar kuɗi ya faɗo wayarta, ta ga sunan wanda ya turo. Gobe ne ranar ƙarshe ta biyan kuɗin rajista. Yaron mai shago ya miƙo hannu yana jiran kati, na bayanta na cewa, "Malama, in ba ki shirya ba ki matsa." In ta cira ta ƙara ɗaure kanta, in ta bari ta rasa zangon karatu. Ba a yi haɗari ba, ba aljani, ba wanda ya ɗaga murya, amma mai karatu ba zai ajiye waya ba sai ya ga ko ta miƙa katin. Irin wannan gaɓa ce ke ɗauke da tsakiyar labari, kuma ba ta samuwa sai in matsalar farko tana nan da ranta.

Don haka kafin ki ƙara rubuta ko layi ɗaya, samu takarda ki amsa wa kanki abu uku a rubuce. Me yarinyar nan take so har ya hana ta barci? Wa ya tsaya mata a hanya, kuma mene ne hujjarsa? Ranar da za ta samu abin da take so, me za ta rasa? Ta ukun ita ce matasa suka fi tsallakewa, ita ce kuma ƙarshen labarin. Wataƙila ta mayar da kuɗin ta kama sana'a ta biya wa kanta, ta rasa gidan kawun da ya raine ta. Wataƙila ta yi auren ta gano yaron ma tilas aka yi masa, su biyu su fuskanci iyaye. Wataƙila ta ajiye karatun da kanta, don wani dalili da mai karatu zai ji zafinsa amma ya fahimta. Ba ni zan zaɓa miki ba. Amma ki zaɓa yau, ki zauna ki rubuta wannan gaɓar ta ƙarshe gaba ɗayanta, da wanda ke wurin da abin da aka faɗa, ko da babu komai tsakaninta da babi na shida. Za ki iya canza ta daga baya, ana yin haka sosai. Amfaninta shi ne duk ranar da kika zauna rubutu kin san inda kika dosa.

Bari in ɗan tsaya kan kawun nan, don ina zargin shi ma yana cikin abin da ya tsayar da ke. In kika yi shi mugu kawai, mai zare ido da daka tsawa, babi biyu sun ishe shi, daga nan sai maimaici. Ba shi hujja. A ce shekarun baya rumfarsa ta ƙone a kasuwa, amininsa ne ya tsaya masa ya ba shi jari ba tare da rubutu ba. A ce a gaban mutane ya yi alkawarin, a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, kuma shi mutum ne da ba a taɓa jin ya yi magana biyu ba. A ce kuma da gaske yana ganin gata yake yi wa 'yar ƙanwarsa, don gidan da zai kai ta ba a kwana da yunwa. Irin wannan kawun, mai karatu zai ji haushinsa ya kuma tausaya masa, ke kuma za ki samu abin rubutawa har ki rasa inda za ki zuba: ranar da ya zo duba ta makaranta da ƙullin ƙuli-ƙuli da gari, ranar da aminin ya yi masa gugar zana a wurin ɗaurin auren wani, ranar da matarsa ta faɗa masa abin da ba ya son ji. Labarin da kowane ɓangare ke da gaskiyarsa ba ya saurin ƙarewa.

Akwai alamar da nake gane marubuci ya ɓata hanya da ita tun kafin shi ya sani, ina kiranta ciwon washegari. "Washegari ta tashi da asuba ta yi sallah ta koma barci, ƙarfe bakwai ta farka ta yi wanka ta shafa mai, ta sa doguwar riga ruwan toka da ɗankwalinta, ta sha shayi da burodi ta nufi aji." Shafi ya cika, ba abin da ya motsa. Washegari kuma a sake wani wankan da wata rigar. Da marubuci ya ji shi kansa abin ya gundure shi, sai ya nemo magani mai araha: motar kawu ta yi haɗari, ko wani saurayi mai baƙar mota ya fito daga sama, ko a ce asiri aka yi, ko yarinya ta buge kai ta manta kowa, ko a gano ashe 'yar wani attajiri ce aka sace tana jaririya. Kowanne zai ba ki babi biyu ko uku, sannan ya bar ki da matsala biyu maimakon ɗaya. Duk sabon mutum da kika shigo da shi a tsakiya bashi ne, sai kin biya shi kafin ki rufe littafi, kuma yawancin labaran da suka mutu bashin nan ne ya yi musu yawa. In kin maƙale, kada ki leƙa waje neman sabon abu. Koma babi ukun farko ki duba abin da kika ajiye kika manta: wasiƙar da uwar yarinyar ta bari, ƙawar da ta san wani sirri, maganar da yaron ya fara bai ƙarasa ba. Mafitarki tana cikinsu.

Ga gwaji mai sauƙi. Rubuta kowace gaɓa ta labarin a layi ɗaya, ki jera su, sannan ki duba kalmar da ke haɗa layi da layi. In "sai kuma" ce, "sai kuma", "sai kuma", to jerin abubuwa kike yi. In "shi ya sa" ce ko "amma", zaren labari na tafiya. Ta ciri kuɗin, shi ya sa uban yaron ya ga ta amince ya sa rana. Amma sakamakon jarrabawa ya fito ta zo ta ɗaya, shi ya sa wata malama ta nema mata tallafi. Amma karɓar tallafin na nufin kunyata kawu a gaban amininsa. Duk inda "sai kuma" ta yi yawa, nan ne za ki gaji, nan ne kuma mai karatu zai gudu.

Sai batun girman abin da ake ɗauka. Fita bayan gari ta hanyar Jibiya ko ta Dutsinma ki ga gine-ginen da aka kai linta aka bari, ciyawa ta fito a falo, awaki na kwana a ciki. Masu su ba malalata ba ne, zanen bene suka yi da kuɗin ɗaki biyu. Haka matashin da bai taɓa ƙarasa labari mai shafi goma ba yake zama ya tsara littafi na ɗaya zuwa na huɗu, da zuri'a uku da gari biyar. Waɗanda suka buɗe mana wannan hanya ba haka suka fara ba. A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da boko, ya faɗa musu tsawon da ake so, kimanin kalma 20,000. Biyu daga cikin biyar ɗin da aka buga daga Katsina suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana malami a Makarantar Midil ta Katsina da shekara 22 a duniya, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Ɗauki kowannensu ki auna a hannu, ɗan siriri ne. Na Imam ma sunansa kaɗai ya faɗi inda za a tsaya: an fita neman wani ruwa, ranar da aka dawo da shi zance ya ƙare. An ba su iyaka, an ba su mai jiran aiki, suka gama. Yau ma akwai irin wannan iyakar ga mai so. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, kalma 1,000 zuwa 1,500 take karɓa, kuma tana da ranar rufewa. Ko ba ki ci komai ba, in kika rubuta irin wannan guda uku ko huɗu kika kai kowanne ƙarshe, kin koyi abin da babi hamsin na labarin da ba a gama ba ba zai koya miki ba, wato yadda ake saukar da labari ƙasa lafiya.

Sabon labarin da ke faɗo miki a babi na shida kuwa, ba don ya fi na hannunki kyau yake miki daɗi ba, don bai kai nasa babi na shidan ba ne. Kada ki kore shi, kada kuma ki bi shi. Ware littafin rubutu guda na musamman, ki ba shi rabin shafi: wane ne, me yake so, ina za a ƙare. Rufe. In na kirki ne zai jira ki, in kuwa bayan wata biyu kin buɗe kin ji ba komai, kin huta.

Wani abin da ke cin lokacin masu farawa shi ne komawa babin farko. A gyara, a sake gyarawa, a canza sunan yarinya, a canza garin, babin farko ya yi ta sheƙi alhali na bakwai babu shi. Ba za ki san abin da babin farko yake buƙata ba sai kin rubuta na ƙarshe, don haka duk gyaran da kika yi masa yanzu aikin banza ne, wataƙila ma ki yanke shi gaba ɗaya. In kina cikin babi na tara kika tuna ya kamata a ce yarinyar tana da ƙane, rubuta GYARA da manyan baƙaƙe, ki sa abin a layi ɗaya, ki ci gaba kamar ƙanen yana nan tun farko. Haka ƙa'idar rubutu, da raba kalma da haɗe ta, da ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa: duk suna da ranarsu, kuma ni mai tsanani ne a kansu, amma ba ranar rubutun farko ba.

Game da lokaci ba zan ja ba. Na san 'ya mace a gida ba ita ke da lokacinta ba, ga karatu ga girki ga aike ga ƙanne. Kada ki jira ranar da za ki samu wuni guda babu mai kiranki, ba ta zuwa. Kalma 300 a rana, wajen shafi ɗaya da ɗan ɗori a littafin 'yan makaranta, cikin kwana 100 ta zama 30,000, ta wuce abin da aka nema a wurin su Imam. Bayan sallar asuba kafin gida ya tashi ya fi wa mutane da yawa, amma ke kika san gidanku. Dabara ɗaya da ke aiki: kada ki tashi sai kin san abin da zai faru a gaba, ki rubuta shi a layi ɗaya a ƙasan shafi, "gobe kawu zai kira ta tana cikin aji." Da safe ba farar takarda za ki tarar ba. In jarrabawa ko azumi ko biki ya raba ki da labarin na makonni, kada ki koma karanta shi daga farko, nan ne za ki ga aibinsa ki karaya. Karanta shafi biyun ƙarshe da layin da kika bar wa kanki, ki ɗora. Kuma tunda a waya kike rubutu, duk babin da kika gama ki tura wa kanki ta imel ko ki ajiye a Google Docs. Labaran da satar waya da faɗawarta ruwa suka kashe su ma ba kaɗan ba ne.

Akwai dalili guda da ba a cika faɗa ba, kuma ban sani ba ko ya shafe ki, amma ki tambayi kanki. Ana yi mana kirari mu Katsinawa da cewa kunya gare mu ba dai tsoro ba, ku Daurawa ma ba a bar ku a baya ba, to kunyar nan tana kashe labarai. Marubuci ya ɗauko abin da ya faru a gidansu ko a maƙwabta, farkon yana da sauƙi, amma da aka zo inda za a faɗi abin da wani babba ya aikata sai hannu ya ƙi tafiya, don a gari irin Daura kowa ya san kowa, kuma 'yar gidan na cikin gurup ɗin tana karantawa. Sai mutum ya ce wa kansa labarin ne ya fita ransa. In kawun labarinki yana da kama da wani mai rai, nisanta shi: canza masa sana'a, canza gari, haɗa halin mutum biyu ko uku a jikinsa har ya zama ba kowa ba. Wannan ya fi kyau ta fuskar addini, don kin tsira daga tona asirin wani, ya kuma fi kyau ta fuskar rubutu, don mutumin da kika ƙirƙira za ki iya sa shi ya yi abin da labari ke buƙata, na gaske kuwa yana ɗaure miki hannu.

Yanzu maganar waɗanda suka biya kuɗi, wadda a wurina ita ce ta fi gaggawa, don ta wuce adabi ta shiga haƙƙi. Alkawari kaya ne. Sayar da labari gutsure-gutsure ba yau aka fara ba. Zamanin da littattafan kasuwar Kano ke tashe, na ɗaya ake bugawa a sayar, cinikinsa ya buga na biyu, kuma tun lokacin akwai masu karatun da suka tsufa suna jiran na uku. Waya ta ƙara wa abin sauri ne kawai, ta kuma ƙara masa wata illa: masu karatu na tsaye a kanki kina rubutu. Wannan ta ce a kashe kawu, waccan ta ce wallahi in aka aura mata yaron nan ta daina karantawa, wata ta ce shafin yau ya yi kaɗan. Mai son faranta wa kowa sai ya yi ta jan labari yana kauce wa duk ƙarshen da zai ɓata wa wani rai, alhali kowane ƙarshe na kirki sai ya ɓata wa wani. Ga kuma babbar asara: abin da kika riga kika tura ba ya gyaruwa, ƙanen nan da kika tuna a babi na tara ba ki da hanyar mayar da shi babi na ɗaya.

Abin da nake ba ki shawara, ki fito ki faɗa musu gaskiya a saƙo ɗaya, ba tare da ƙaryar rashin lafiya ko lalacewar waya ba: kin dakatar da turawa har sai kin gama rubutawa, ga watan da kike sa rai in Allah ya yarda, wadda ba za ta iya jira ba ta yi magana a mayar mata da kuɗinta. Ki ware kuɗin kada ki taɓa. Wasu za su yi gunaguni, mafi yawa za su jira, don mai karatu ya fi jin haushin shiru a kan jinkiri. Daga nan ki rufe ƙofa ki rubuta, mutum ɗaya tak za ki riƙa nuna wa, wadda ta san karatu kuma ba ta jin nauyin ce miki nan ya yi sanyi. Nan gaba kuma kada ki tura shafin farko na kowane labari sai na ƙarshe yana ajiye.

Sauran labaran da ke jibge fa? Ba duka za ki ƙarasa ba, kuma ba duka suka cancanta ba. Bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi ukun nan. Wanda kika iya faɗin ƙarshensa a jimla ɗaya ki sa shi a layi. Wanda kika juya kika juya babu amsa, wataƙila ba labari ba ne tun asali, wata gaɓa ce mai kyau ko wani mutum mai ban sha'awa; cire su ki adana, za su yi amfani a wani wuri. Amma na marainiyar shi ne na farko, saboda shi ne ake binki.

Ranar da kika rubuta layin ƙarshe, kada ki tura a daren. Zai zo miki da ɗayan biyu, ko ki ga ba a taɓa rubuta kamarsa ba, ko ki ga shara ce, duka biyun kuma gajiya ce ke magana. Ajiye shi mako biyu ko uku. Sannan ki ɗauko ki karanta da ƙarfi, da baki, daga farko har ƙarshe, biro a hannu. Inda harshenki ya sarƙe ko kika ji kina son tsallakewa ki sa alama. Bi duk wuraren da kika rubuta GYARA ki cike su, yanke wanka da kwalliyar da ba su motsa komai ba, sannan ki koma babin farko ki daidaita shi da ƙarshen da kika samu. Ƙa'idar rubutu da ƙugiyoyi su ne aikin ƙarshe, kuma gara ki ba wani ya duba miki su, don idon mai rubutu ba ya ganin kurensa.